Minna Akwai Nisa

Hadiyya ce ta fara cewa kimiyyar kwamfuta za ta karanta, wannan kam ko a gaban alƙali za ta maimaita. Tun tana tsakiyar sakandare ta faɗa, lokacin da duk danginsu babu wanda ya san ana zuwa jami'a takanas saboda kwamfuta. Kowa ka tambaya likita, in ya sassauta ya ce nas. Sai ga shi bana ƙanwarta Surayya ta wayi gari ita ma wai kwamfuta take so. Abin da ya fi ci wa Hadiyya rai shi ne maganar ta fi karɓuwa a bakin Surayya. Har maƙwabta aka samu masu cewa ai yarinyar nan tun tana goye aka ga alamar ƙwaƙwalwa a tare da ita.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma ba gida ɗaya suka tashi ba. Hadiyya ce 'yar fari. Aka kai ta yaye Safana wurin kakarta ta wajen uwa, Iya Zuwaira, yayen da har yau bai ƙare ba. Surayya kuwa a Batsari ta girma, a gaban Inna Asama'u da babansu Malam Sada mahauci, ta sha romo ta yi kumatu. Hadiyya ta girme ta, sai dai rufe makarantun da aka yi ta yi saboda 'yan bindiga ya cinye mata shekaru, har ƙanwar ta kamo ta. Yanzu tare za su je Katsina su yi rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, kuma a wurin rajistar ne kowace za ta faɗi makarantun da take so. Wadda ka sa a zaɓin farko, ita ce za ta dube ka.

To, ita Hadiyya ba makarantar ce kaɗai ke gabanta ba. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. In dole ta kama sai Inna ta ce "waccan" ko "'yar Safana", idonta a wani wuri. Gaisuwa ma a taƙaice take amsawa, kamar ta samu baƙon da ya yi ɓatan gida. Hadiyya ta san sunan abin, kunyar ɗan fari, an sha faɗa mata. Amma ƙawarta Mahfuza ita ma 'yar fari ce, ga ta nan uwarta na ƙwala mata kira har unguwa ta ji, kwanonsu ɗaya, hirarsu ɗaya. Saboda haka tun tuni Hadiyya ta yanke hukunci: kunyar nan mafaka ce kawai. Inna ta samu wadda take so, ta huta.

Ranar da za ta tafi Batsari, tun da hantsi take zaune a kan turmi tana latsa wayarta mai tsagaggen gilashi.

"Ke ƙawata, mi kike dannawa haka tun safe?" in ji Iya. "Ko wani ne ya yi maki alkawari ya ɓace?"

"Makarantu nike dubawa, Iya. Akwai ta nan Dutsin-Ma, akwai ta Katsina, ga Kano, ga Zariya. Akwai kuma wata a Minna, ita fasaha zalla ake yi."

"Minna? Can ƙasar doya? To Allah shi kai lahiya. In na mutu sai ki latsa wayar ki taya su binne ni."

"Ke Iya ba yanzu ba. Sai kin ci kuɗin kwamfuta tukuna."

"Ki dai ji abin da ta Batsari za ta ce."

Iya ma ba ta faɗin sunan Asama'u, domin ita ce tata 'yar farin. Abin nasu gado ne.

"Mi za ta ce? Ai ba ta san ina duniya ba. Ko Legas na ce, sannu ba za ta haɗa mu ba."

Iya ta yi dariya har da dafa gwiwa. "Ke dai kin yi boko, amma kunnenki bai shiga aji ba." Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin gari a leda. "Ungo, ki kai ma Surayya. Ki ce na ce maganin ciwon baya ne, a kunu ake sha. Kuma ta rage daka, jiki ba ƙarhe ba ne."

Hadiyya ta karɓa tana cije leɓe. Ciwon baya! Surayyar da ko tsintsiya sai an roƙe ta take ɗauka, wace daka ta taɓa yi? Wato har Iya, Iyar da ta goya ta ta raine ta, tana da rabon da take ware wa 'yar gaban goshi. Ta cusa ƙullin can ƙasan jaka, ƙarƙashin takalmi, don ya ji a jikinsa.

A-kori-kura ta hau ta hanyar Runka, da rana tsaka, lokacin da duk mai son kansa yake yin hanyar. Babu mai hira sosai a motar, kowa idonsa na kan daji. Ita kam abin da ke ranta daban ne. A nan, tsakanin buhun gero da wata tsohuwa mai riƙe da kaji, ta ɗaura niyya. Za ta ce Minna a gaban Inna. In Inna ta ce kalma ɗaya, ko "a'a" ce, kai ko tsaki ne, to Katsina za ta sa, nan kusa da Batsari, da hannu bibbiyu. In kuwa ta yi shiru, shi ke nan, Minna. Ba wai Minnar ba ta so. Ta karanta duk abin da ta samu a kanta, ta kalli hotunan ɗakunan kwamfutarsu har ta haddace, tana burge ta ƙwarai. Amma da za a tsaga zuciyarta a duba, kalmar nan ɗaya ta fi so.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Surayya na kwance a tabarma da wata tsohuwar laftof da wani ƙanin babansu ya bar mata. Ko da Hadiyya ta ga laftof ɗin sai ta kau da kai don haushi. Ita da ta koyi komai a waya mai tsagaggen gilashi, a shagon caji, tana tsaye.

Ta durƙusa. "Inna, ina wuni? Mun same ku lahiya?"

"Lahiya."

"Ya gida, ya aiki? Iya na gaishe ku."

"Muna amsawa."

Shi ke nan, gaisuwa ta ƙare. Inna ta juya ga mai kwance a tabarma, muryarta ta sauya nan take, ta yi laushi.

"Surayya, wai ba ki cin abinci ne? Dubi wuyanki duk ƙashi. Tashi ki ɗauko ƙwaryar furar nan, ki dama da nono mai yawa, kada ki tsinka ta."

Hadiyya ta kalli wuyan Surayya. Babu ƙashi ko na rantsuwa, in ma akwai to ya nutse. Ita da ta sha rana da fargaba a hanyar Runka, ita da sai da ta rage siket ɗinta bana don kada ya sulluɓe, ita ba a gan ta ba. Surayya ta tashi tana jan ƙafa, ta dama furar, ta kai ludayi baki sau ɗaya, ta turo mata ƙwaryar. Saura kenan. Hadiyya ta sha, don yunwa ta ci ƙarfinta, kuma furar ta yi daɗi, abin da ya ƙara mata haushi. Ta zaro ƙullin Iya ta jefa wa Surayya a cinya.

"Ga shi in ji Iya, na ciwon bayanki. Ta ce ki rage daka, kada ki karye."

Surayya ta ɗauka, ta kai ɗakin Inna ta ajiye.

Bayan la'asar Inna da kanta ta tayar da zancen. Ta koma kan faifanta, wannan karon wake take tsincewa.

"Surayya, gobe ne za ku tahi wajen rubuta makarantun?"

"Gobe ne, Inna."

"To ki buɗe kunne ki ji. Ban son nisa. Ga Katsina nan kusa, mota guda. In kin yi zazzaɓi in ji, in an yi hutu in gan ki. Kwamfutar da ke can nesa ai ita ce ke Katsina, ba wata aka ƙera masu daban ba." Ta jefar da wata tsakuwa. "Ɗiya ta yi ta zama nesa, uwa na nan ba ta san ta ci ba ta ci ba. Abin ya isa haka."

"To, Inna," in ji Surayya. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga laftof ɗinta.

Hadiyya ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Dubi yadda ake zuba wa yarinya magana mai daɗi tana amsawa kamar an aike ta sayen gishiri! Da ita aka faɗa wa rabin wannan, da ta kwana tana juya shi a rai. Kishi ya taso mata tun daga ciki, mai zafi, ba ta ma yi ƙoƙarin danne shi ba. Ta gyara murya, ta dubi Surayya, amma ta ɗaga sauti yadda ko na zaure zai ji.

"Ni dai Minna zan sa. Jami'ar fasaha. An ce wuni guda ake yi a mota, wani lokaci har a kwana. Masu zuwa can sai shekara-shekara suke leƙo gida, wasu ma in sun gama can suke zamansu."

Ƙarshen nan gishiri ne ta ƙara, babu wanda ya faɗa mata haka. Ta saci kallon Inna ta wutsiyar ido. Hannun Inna ya tsaya a kan waken, ɗan tsayawa kaɗan, sannan ya ci gaba.

"Surayya, kin dai ji abin da na ce maki ko? Katsina."

"Na ji, Inna."

Ai kuwa Hadiyya ta ga ta kai ƙarshe. Ta ce za ta tafi bangon duniya, abin da uwarta ta iya yi shi ne ta ƙara ƙanƙame ɗaya 'yar, a gabanta, ko kara babu. Ta tashi ta shige ɗaki, ta ce kanta ke ciwo.

Da safe Malam Sada ya tsaya zai raka su tasha kafin ya wuce mayanka. Shi mutum ne marar yawan magana. Ya ce duk inda suka rubuta Allah ya sa albarka, shi kwamfuta bai san kanta ba bai san gindinta ba. Ya yi gaba, Surayya ta bi shi. Hadiyya ta tsaya a bakin zaure tana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi, tana ba Inna dama ta ƙarshe.

"Inna, mun tahi."

"Allah shi kiyaye." Sai kuma Inna ta ɗaga murya ta saman kanta, zuwa waje: "Surayya! Kada ki manta abin da na ce!"

Hadiyya ta miƙe ta fita, ba ta waiwaya ba.

A motar Katsina aka matse su kujera ɗaya, cinya na gugar cinya, amma Hadiyya ta samu hanyar juya mata ƙeya. Da suka yi nisa ta kasa haƙuri.

"Ke kwamfutar nan ma a bakina kika ji ta."

"Ashe ke kika ƙirƙiro ta. Sannu da aiki."

"Sannu dai 'yar gata. A zauna Katsina kusa da zanen Inna, kada sauro shi cije ki ba ta ji ba."

Ta jira martani, don Surayya ba ta barin ta kwana. Amma Surayya ta mai da fuska taga, tana kallon daji har suka shiga gari.

Cibiyar rajistar wani dogon ɗaki ne cike da kwamfutoci, layi ya fito har waje. Da aka zo kansu Hadiyya ta riga zama, don ita ce babba, ko a nan dai a san da haka. Ma'aikacin, wani saurayi da gajiya ta gama bayyana a fuskarsa, ya ɗauki hotonta, ya shigar da sunanta da garinsu.

"Wane kwas?"

"Kimiyyar kwamfuta."

"Zaɓin farko?"

Ta dubi allon kwamfutar. Ta tuna hannun nan da ya tsaya a kan wake, sai kuma ta tuna abin da ya biyo baya.

"Minna."

"Kin tabbata? In na tura ya tafi."

"Na tabbata."

Ya tambaye ta sauran makarantun, ta faɗa ba tare da ta damu da su ba. Ta dangwala yatsunta a kan ɗan gilashin da ya miƙo mata. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, irin na wanda ya rama. Babu abin da ta ji sai ɗaci a baki.

Surayya ta zauna a kujerar da ta tashi. Hadiyya ta tsaya a bayanta, ta harɗe hannu, tana jiran ta ji an ce Katsina don ta samu abin yin tsaki.

"Zaɓin farko?"

"Zariya," in ji Surayya, ko ɗar babu.

Da ƙyar Hadiyya ta bari suka fito. A gindin wata darbejiya da ke bakin ƙofa ta fizgo hijabinta.

"Ke! Zariya? Inna ta ce maki Katsina, da kunnena na ji, ta faɗa ta maimaita, har muna fita tana faɗa. Uwa ta roƙe ki ki zauna kusa da ita, ki zo nan ki watsa mata ƙasa a ido? Ke kin san darajar abin da kika samu kuwa? Ni da za ta ce mani haka ko sau ɗaya..."

Surayya ta zare hijabinta daga hannunta, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Tun watan jiya Inna ta san Zariya zan sa. Na faɗa mata tana wanke-wanke. Ta ce Allah shi ba da sa'a, ta ci gaba da cuɗa tukunya. Ko 'akwai nisa' ba ta ce ba."

"Ƙarya kike. To jiya fa?"

"Jiya kina nan. Yaya, wai ke da gaske ba ki sani ba, ko rainin hankali ne? Ranar da ba ki gidan, Inna ba ta taɓa ce mani na rame ba. Dube ni da kyau, ina ramar? Furar jiya tun da safe ta aika aka nemo mata nono mai kyau, ta rufe ta hana kowa taɓawa, ni har zagi na sha don na ɗaga faifan na leƙa. Ba ta iya faɗin sunanki, shi ya sa take ɗaukar nawa. Duk 'Surayya' mai laushi da kika taɓa ji a gidan nan, taki ce. Tawa ita ce 'Surayya tashi ki share', 'Surayya wa ya bar wuta tana ci'."

Hadiyya ta jingina da darbejiyar, Surayya ta ci gaba.

"Maganin bayan da kika jefo mani, ni ke daka a gidan? Na Inna ne. Iya ba ta iya aika ma ɗiyarta ta fari kai tsaye, sai ta ce a kai ma Surayya. Kowa ya rasa bakin magana sai shi ari sunana. Tun ina ƙarama nike amsa 'to' a kan maganar da ba tawa ba."

Abubuwa suka riƙa dawo wa Hadiyya ɗaya bayan ɗaya. Sallar da aka ɗinka wa Surayya atamfa, aka ce ta yi mata tsawo, a ba waccan. Ranar da Inna ta yi ta yi wa Surayya faɗa a kan bin hanyar Runka da yamma, Surayyar da ba ta taɓa bin hanyar ita kaɗai ba. Ga kuma maganar jiya: ɗiya ta yi ta zama nesa, abin ya isa haka. Yaushe Surayya ta taɓa zama nesa? Ba abin faɗa ba ne, amma abin da ta fara ji ba tausayin ƙanwarta ba ne. Daɗi ta ji, daɗi mai ratsa jiki, irin na wanda aka ce masa shi ya ci gasar da ya riga ya haƙura da ita. Sai da daɗin ya lafa sannan Minna ta faɗo mata a rai.

"Mi ya hana ki faɗa mani jiya? Ko a mota? Kina ji ina cewa Minna!"

"Don ban ga dama ba." Idon Surayya ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Kin ce a bakinki na ji kwamfuta. E, a bakinki na ji. Ranar da kika fara faɗa, kina tahiya Inna ta sa ni gaba da tambaya. Mi ake yi da ita, ana samun aiki, ba ta lalata ido? Ta wuni fuskarta sake. Na ce bari ni ma in ce ita nike so, ko za ta yi mani irin wannan murnar. Na faɗa. Ta ce to madalla, miƙo mani murfin can. Yau kam na so in ga ko sau ɗaya kin yi abin da zai ƙona mata rai. Ki ji yadda ake ji."

Hadiyya ta bar ta nan ta koma ciki da sauri, ta kutsa layi ana ta yi mata tsaki. Ma'aikacin ya ɗago ya dube ta.

"Ai sai da na tambaye ki. Yanzu kam ya tafi. Sai an buɗe damar canji bayan jarrabawa, ki dawo lokacin."

Bayan la'asar suka shiga gida, suka tarar Inna a bakin murhu tana tuƙa tuwo, da alama tun ɗazu kunnenta na zaure.

"Surayya, kun dawo? An rubuta?"

"An rubuta."

"Mi kika sa?"

Surayya ta cire takalminta a hankali, ta jera su a bakin ƙofa. "Inna, nawa kin san shi tun tuni. Wadda kike tambaya ga ta nan tsaye." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Tsakar gidan ya yi tsit, sai tuwo da ke huci a tukunya. Tunda aka haifi Surayya ba a taɓa barin Inna da Hadiyya su kaɗai da magana a tsakaninsu ba. Inna ta riƙe muciya da hannu biyu, fuskarta na kallon labulen. Hadiyya ta matso ta durƙusa, nesa kaɗan, inda ta saba durƙusawa.

"Minna na sa," ta ce. Jiya da ƙarfi ta faɗi sunan garin, yau da ƙyar ya fito.

Inna ba ta juyo ba. Ta daɗe a haka, har tuwon ya fara kamawa. Sannan ta yi magana, da labulen take yi.

"Surayya... Minna akwai nisa."

Wannan karon Hadiyya ta ji da kunnen da ya kamata. Hawaye suka zubo mata, ta bar su. Ta tuna ɗakunan kwamfutar nan da ta haddace a waya, ta ji zafin rabuwa da su, zafi na gaske, don ta so su. Amma abin da ta zo nema ta samu. Ta juya ita ma ta fuskanci labulen.

"Surayya, ki ce ma Inna an ce ana buɗe canji bayan jarrabawa. Katsina zan maida."

Inna ta sa gefen zane ta goge ido, wai hayaƙi. Ta sauke tukunyar da sauri, ta hau kwashe tuwo kamar ana korar ta.

"Surayya, zo ki zuba mata. Ki sa mata tsokar nan da babanku ya aiko, mai kitsen."

Labule bai motsa ba. Inna ta jira, ta sake jira. Da ta ga babu mai zuwa, sai ta jawo kwano da kanta ta sa malmala, ta zuba miya, ta laluɓo tsokar da ludayi ta ɗora a kai. Ta tako ta ajiye kwanon a gaban gwiwar Hadiyya, fuskarta a kauce, ta koma bakin murhu. Hadiyya ba ta taɓa cin abin da hannun nan ya miƙo mata kai tsaye ba. Ta kai loma baki, tuwon da ɗan ƙauri, ba ta damu ba.

Daga bayan labule murya ta fito, a shaƙe, ta wadda ta ci kuka ta ƙoshi.

"Zariya ma ai ba bayan gida take ba."

Hadiyya ta ajiye lomar da ke hannunta. Inna ta saki ludayin. Ta juya ta dubi labulen, wannan karon kallon mai neman wanda ke ciki, kamar yau ta fara jin akwai mutum a ɗakin.

"Surayya," ta ce a hankali. "Surayya, zo nan, ɗiyata."

Surayya ba ta amsa ba, ba ta kuma fito ba. Ta riga ta saba, in aka kira sunan nan da laushi haka, ba da ita ake ba.